Kafson da Auta ta Kawo

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kuma duk wanda ya tashi a irin gidajenmu na cikin garin Daura ya san abin da hakan ke nufi. Inna ba ta kiran sunana. In tana son ruwa sai ta ce, "Ke, miƙo min moɗa." In tana ba maƙwabta labarina sai ta ce "waccan", ko kuma "ta gidan malam", saboda mijina malamin firamare ne. Kunyar ɗan fari ce, haka ta taras ana yi, haka aka yi mata. Ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba sai da aka haifi autarmu, lokacin har na fara zama budurwa, na ga ashe bakin Inna ya iya kirari. Auta, shalele, 'yar gaban goshi. Ni na goya yarinyar nan har bayana ya gaji, amma in ta yi dariya sai Inna ta ce ita ta biyo.

Maza biyu ne a tsakaninmu, duk neman abinci ya kai su kudu. Auta kuwa ta yi karatu mai zurfi, ta auri wani ɗan kasuwa mai zuwa Dubai saro kaya, suka zauna Abuja. Ni aka bari a unguwa. Gidana da na Inna bai fi jifa ba, ina ɗinkin kayan mata da kekena a tsakar gida. Saboda haka duk abin da ya taso, ni ce.

Bayan rasuwar Baba, Inna ta shiga takaba, ta gama, amma ba ta fito ba. Ta zauna a ƙuryar ɗakinta, ta sa na rataya wani tsohon bargo a tagar, wai haske na sa mata ciwon kai. Daga ɗaki sai bayan gida, daga bayan gida sai ɗaki. Abinci ma sai kunu da ɗan tuwo, in na kawo nama ta ce haƙora, in na kawo nono ta ce sanyi. Shekara ta zagayo, wata ta bi ta, sai ciwo ya fara. Ƙugu, baya, cinyoyi. In ta yi sujada ba ta iya tashi sai ta dafa bango. Tafiyarta ta koma irin ta agwagwa, tana rangaji hagu da dama. Muka ce sanyin ƙashi ne, na yi ta shafa mata man zafi har hannuna ya saba da raɗaɗinsa.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa na kai ta asibiti, daga nan aka tura mu Katsina a yi awon jini. Likitar da muka samu mace ce, doguwa, ba ta da yawan fara'a amma tana da haƙurin bayani. Ta ce jinin Inna ya nuna ƙarancin bitamin D, wanda shi ne ke taimakon jiki ya riƙe sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, kuma mafi yawansa daga hasken rana fatar mutum ke samarwa.

Na ce, "Likita, rana? A Daura? Mu da muke gudunta?"

Ta ce, "Yaushe rabon da rana ta taɓa jikinta?"

Na yi ta tunani, na kasa tunawa.

Ta rubuta mana wasu fararen ƙwayoyi masu kama da alli, a tauna kullum. Ta ce a riƙa fito da ita hantsi, a ba ta ƙwai, kifi, nono, kuma mu dawo a sake awo bayan wasu watanni. Ta ce kada mu sa ran sauƙin dare ɗaya, ƙashi ba ya gaggawa.

Allah kaɗai ya san wahalar da na sha a watannin nan. Kullum da safe in na sallami yara makaranta sai in bar ɗinkin mutane in tafi. In shimfiɗa tabarma kusa da bishiyar zogalen tsakar gida, in shiga in yi ta lallashi. "Ni ba barkono ba ce da za ki riƙa shanya ni," in ji Inna. Ƙwai kuwa ta ce tsohuwa mai cin ƙwai kwaɗayayya ce, sai da na riƙa murtsuke shi a cikin miya. Ƙwayar ta ce alli ce, ita ba mai ciki ba ce. In ta tauna sai ta yamutsa fuska ta tofar da rabi, in tsaya a kanta har ta haɗiye sauran. Ba ta taɓa cewa sannu ba. Abin da take cewa shi ne, "Ke dai kin iya takura wa mutum."

Amma a hankali na fara ganin canji. Ta daina nishi in za ta juya a gado. Wata rana na shigo na same ta ta fito tabarmar da kanta. Na ji daɗi a raina, na ce saura kaɗan.

Sai ga ƙaramar Sallah, sai ga Auta.

Ta iso da mota baƙa mai duhun gilashi, yaran unguwa suka bi ta da gudu. Ta fito tana ƙamshi, ta faɗa jikin Inna, Inna na dariya har da hawaye, irin dariyar da rabona da jinta tun Baba na raye. Aka shigo da tsaraba, atamfofi, dabino, turare. Ni na gaisa na koma madafi, don akwai kajin da za a soya, kuma gaskiya ba na son tsayawa ina kallo. Ina juya kaza a cikin mai ina jiyo su ta taga, Auta na magana ƙasa-ƙasa, Inna na cewa, "Allah ya yi miki albarka, Allah ya ba ki masu yi miki." Da na kawo abinci na ga wata 'yar farar kwalba a cinyar Inna. Ta zazzago guda a tafin hannunta tana ɗaga shi wajen haske. Kafso ne ɗan ƙarami, launin zuma, yana ƙyalli kamar dutsen ɗan kunne.

Auta ta ce, "Yaya, irin bitamin ɗin da kika ce likita ta ce ba ta da shi ne. Wannan mai ƙarfi ne, daga Dubai maigidana ya taho da shi."

Na ce, "Ai tana shan na asibiti."

"Wannan allin? Haba Yaya."

Inna ta yi dariya. Na ajiye kwanon na fita. Ban tambayi yadda ake shan sa ba, ban ko taɓa kwalbar ba.

Ba a yi sati da tafiyar Auta ba, Inna ta idar da sallar la'asar ta miƙe tsaye ba tare da ta dafa bango ba. Ina wurin, a kan idona. Ta tsaya tana duban ƙafafunta, sannan ta ɗaga hannu sama ta ce, "Ikon Allah! Maganin Auta!"

Na ji kamar an watsa min ruwan zafi. Watanni ina shanya, ina murtsuka ƙwai, ina shan baƙar magana, ɗinkin mutane na taruwa har wasu suka kwashe kayansu suka kai wani wuri. Sai kafso ya zo a kwana kaɗan ya kwashe ladan. Maƙwabta suka riƙa shigowa ganin kwalbar. Inna ta ɗauko ta daga cikin rigar matashinta, ta nuna, ta mayar, ba ta bari kowa ya riƙe. "Daga Dubai," take cewa. "Yarinyar nan ba ta manta da ni." Wata tsohuwa ta ce, "Ita ma babbar ai tana ƙoƙari." Inna ta ce, "Waccan? Tana yi." Shi ke nan, aka koma zancen Dubai.

Na ci gaba da ba ta allina, don likita ba ta ce a daina ba. Kafson kuwa ita ke sha da kanta, a lokacin da ta ga dama, ban sani ba, kuma na sa wa raina ba ruwana. In kwalbar ta kusa ƙarewa sai ta sa a kira mata Auta. Auta ta ba direban motar haya saƙo, kuma wa zai je tasha ya karɓo? Ni. In hau babur cikin rana, in tsaya ina jiran mota, in karɓo 'yar leda mai ɗauke da sunan Inna da rubutun Auta, in kawo. Inna ta karɓa da hannu biyu ta sa wa Auta albarka, ni ta ce min, "Kin daɗe."

Damina ta wuce, aka yanke gero. A lokacin ne na lura randar Inna na saurin ƙarewa. Da farko na ɗauka yaran maƙwabta ne, sai na ga ita ce ke sha, moɗa bayan moɗa, kuma bakinta a bushe. Buta ba ta hutawa. Sai cikinta ya ɗaure, ta yi kwanaki ba ta zaga ba, na jiƙa mata tsamiya, na dafa mata rama, a banza. Abinci ya fita ranta, in ta ci loma biyu sai tashin zuciya. Kowa ya ce ciwon suga ne. Na kai ta kemis ɗin bakin titi aka soki yatsarta, mai kemis ya ce sugarta lafiya lau.

Na zauna ina tunanin me ya canza a rayuwar matar nan. Abincinta ni ke dafawa, ruwanta na sani, allinta ta daɗe tana sha bai yi mata komai ba. Abu ɗaya ne ban san kansa ba.

Ranar da na faɗa, Gwaggo na nan, ƙanwar Baba, ta zo dubiya. Na ce, "Inna, da za ki ɗan dakata da kafson nan mu gani. Ko shi ne bai karɓe ki ba."

Inna ta juyo ta dube ni, irin duban da ba ta cika yi min ba, ido cikin ido.

"Tun ranar da yarinyar nan ta kawo maganin nan ba ki taɓa sa masa albarka ba. Ina lura da ke."

"Ni ba haka nake nufi ba."

"Shi ya tashe ni tsaye. Yanzu kuma shi ne ciwona? Me ta tsare miki?"

Gwaggo ta gyara zama ta ce, "Haba 'yar nan, da girmanki. Ƙanwarki ce fa, ke kika goya ta. Hassada ga mai rabo ai taki ce."

Na ɗauki mayafina na fita. Da malam ya dawo daga makaranta na kwashe duka na gaya masa, ina jiran ya goyi bayana. Ya gama saurare, ya cire hularsa ya ajiye, ya ce, "To ni tambaya ɗaya zan yi miki, kada ki ji haushi. Kin tabbata maganin ne, ko don na Auta ne?"

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ban san amsar ba. Na san ina son ya zama kafson ne. Ina so ƙwarai. To mutumin da ke son abu haka, ta yaya zai yarda da hankalinsa?

Duk da haka washegari na kira Auta. Na shirya zan yi magana a hankali, amma da na ji muryarta, da ƙarar talabijin a bayanta, da yadda ta ce "Yaya ta kaina" tana tauna wani abu, sai maganar ta fito a murɗe.

Na ce, "Wannan abin da kike ta aiko wa Inna, kin tabbata ba shi ke kwantar da ita ba?"

Ta ce, "Yaya, bitamin ne fa. Ba magani ba ne irin na ciwo, kamar abinci ne. Bitamin ba ya yi wa mutum illa."

"To ni dai na faɗa."

"Ki kai ta asibiti mana, ni zan ɗauki nauyi. Kuma in kina so ke ma in aiko miki da naki, ki faɗa kawai."

Na kashe wayar. In kina so in aiko miki da naki. Maganar nan ta kwana ta tashi da ni, ta hana ni ɗinki, har na karya allurar keke. Na ce da Inna mu koma Katsina, don lokacin sake awon ma ya wuce, ta ce ba inda za ta, ita ta warke, zazzaɓin kaka ne kawai.

Sai wata Laraba bayan azahar. Na shigo da kunun tsamiya na same ta a kwance a ƙasa gefen gado, zaninta a jiƙe, idonta a buɗe amma kamar ba ta ganin ɗakin. Na ɗaga ta, na canza mata kaya, na jinginar da ita. Sai ta kama hannuna. Ta ja ni, ta kwantar da kaina a cinyarta, ta zame min ɗankwali ta fara shafa kitsona.

"Auta," ta ce. "Yaushe kika zo? Kin rame, ba kya cin abinci?"

Ina da shekara arba'in da wani abu a lokacin, da jika a hanya. Ban taɓa sanin nauyin hannun Inna a kaina ba sai ranar. Hannun ba shi da nauyi ko kaɗan, busasshe ne. Ban ce mata ba Auta ba ce. Na kwanta.

"Waccan ta so ta raba ni da maganinki," ta ce, tana rage murya kamar mai gulma. "Faɗa ne da ita, irin na ubanta. Kada ki biye mata, kin ji? Ki riƙa haƙuri da ita."

Ta ci gaba da shafawa tana wata 'yar waƙar reno da na san ta tun ina goyon Auta. Hawaye suka gangaro min ta gefen hanci suka jiƙa mata zani. Ban san ko na me ba ne, daɗi ko baƙin ciki. Da na ji waƙar ta fara sarƙewa, kalmomin na haɗewa, sai tsoro ya kama ni, na tashi na ruga na kira maƙwabcinmu mai mota.

A asibitin garinmu suka sa mata ruwa, suka ce mu wuce Katsina. Kafin mu tafi wani ma'aikacin jinya ya ce in tattaro duk abin da take sha, har na gargajiya. Na koma gida na zazzage rigar matashin. Kwalba mai sauran kafso ta faɗo. Na leƙa ƙarƙashin gado, a cikin wata tsohuwar kwalla na sami sauran kwalaben, duk babu komai a ciki, ta goge su tas ta jera. Ko ɗaya ba ta yar ba.

Likitar nan doguwa muka sake samu. Ta juya kwalbar ta karanta, ta dubi waɗanda ba komai, ta dube ni.

"Yaya take shan wannan?"

Na ce ban sani ba. Ta ɗaga gira, na sunkuyar da kai. Ta matsa kusa da Inna, wadda ruwan da aka sa mata ya ɗan dawo da ita, ta tambaye ta a hankali.

Inna ta ce, "Kullum bayan asuba. In ƙafa ta matsa min in ƙara da la'asar."

Likita ta ajiye kwalbar. Da sakamakon awo ya fito ta kira ni gefe. Ta ce irin wannan kafson mai ƙarfi ne sosai, sau ɗaya a mako ake shan sa, shi ma na ɗan lokaci, sannan a auna jini a gani. Ta ce akwai bitamin da in ya yi yawa jiki ke fitar da shi ta fitsari, amma wannan ba ya cikinsu, taruwa yake a kitsen jiki. In ya taru sai ya sa sinadarin ƙashi ya cika jini, shi ne ƙishirwar, shi ne ɗaurewar cikin, shi ne ruɗewar. Ga kuma ƙwayar asibiti da take taunawa a kai, wadda ita ma sinadarin ne a cikinta. Ta ce ƙodar ta ɗan taɓu, amma mun zo da sauran dama. Za a dakatar da duka biyun, a yi ta ƙarin ruwa, a ba ta wasu magunguna, sauran sai haƙuri, don abin da ya taru a watanni ba zai fita a kwana biyu ba.

Na fito baranda na zauna a kan benci. Inna na ciki, an soka mata allura a hannu, ƙodarta a taɓe. Ni kuma abin da ke zagaya min a kai shi ne, ashe ni ce da gaskiya. Na yi ta korar tunanin da istigfari yana dawowa.

Auta ta iso washegari da rana, ba kwalliya, idanu jajur. Da likita ta maimaita mata bayanin sai ta dafe kai.

"Duk Juma'a na ce mata! Wallahi Yaya duk Juma'a na ce, guda ɗaya, har na ce ta haɗa shi da yankan farce don kada ta manta."

Na ce, "Da kike ta aikowa, ba ki ga yana saurin ƙarewa ba?"

"Ce min ta yi tana ba su Gwaggo da maƙwabta."

Gwaggo da ke zaune a gefe ta ce, "Ni? Ko warinsa ba ta bari na ji ba."

Muka juya gaba ɗaya muka dubi Inna. Ta kawar da kai wajen bango, ta ce da ƙaramar murya, "Na ga yana min daɗi ne. Kuma in na sha sai in ji kamar tana kusa."

Auta ta durƙusa a bakin gadon ta fashe da kuka, tana cewa ita ta kashe Inna, ita ta jawo. Inna ta miƙa hannun da ba allura ta dafa kanta. "Yi shiru, shalele. Ke alheri kika nufa. Laifina ne, yi shiru kada kanki ya yi ciwo."

Ina tsaye a ƙarshen gadon riƙe da fo ɗin fitsarin Inna da zan je in zubar. Na jira. Na ce ko Inna za ta ɗago ta ce, ashe waccan ta faɗa. Ko Gwaggo ta ce, 'yar nan, mun ɗauki alhakinki. Gwaggo ta ɗauko goro ta ɓantara. Na fita da fo ɗin.

Mun yi kwanaki a asibitin. Auta ta so ta yi jinya, amma ba ta san yadda ake juya Inna ba, ba ta san ba ta son a taɓa mata ƙafar hagu ba, ba ta san irin kaurin kunun da take iya haɗiya ba. Kowane abu sai ta ce, "Yaya, ya ake yi?" Ba zan ɓoye ba, hakan ya yi min daɗi. Wata yamma muna zaune a gindin wata bishiyar darbejiya a harabar asibitin muna cin ƙosai, sai ta ce, "Ke kina ganinta kullum. Ni in na tuna ta ba abin da zan iya sai in sa abu a leda in ba direba."

Na ce, "To ki dawo Daura mana, in koma Abuja."

Ta yi dariya, ni ma na yi, amma ni ba wasa nake ba gaba ɗaya. Ta ce, "Da kin tambaye ni yadda ake sha, da na gaya miki." Na ce, "Da kin ba ni kwalbar a hannuna, da na tambaya." Muka cinye ƙosan. Iyakar abin da muka taɓa faɗa wa juna kan maganar ke nan.

Aka sallame mu, Auta ta koma gidanta. Inna ta daɗe kafin ta dawo daidai. Ƙishirwar ce ta fara tafiya, sai cin abinci ya dawo, ƙarfin jiki ne ya zo a ƙarshe. Abin da ya faru ranar Larabar nan ba ta tuna ko kaɗan, ni ma ban tuna mata ba. Likita ta kafa mana doka, ko ƙwayar me ce, ko daga ina ta fito, kada ta shiga bakin Inna sai ta gani. Muka riƙa komawa awo lokaci zuwa lokaci.

A ɗaya daga cikin komawar nan ne, bayan ta gama duba Inna ta ce jini ya daidaita, ƙodar ma ta farfaɗo, sai likitar ta tsaya tana kallona. Ta ce in matso. Ta ja fatar idona ƙasa, ta juya tafin hannuna, ta dubi faratana.

"Kina jin jiri?"

"Wani lokaci, in na tashi daga kan keke."

"Haki fa, in kin yi 'yar tafiya?"

Na ce ai gajiya ce. Ta ce in je a ɗebi jinina. Sakamako ya nuna jinina ya yi ƙasa sosai, har ta yi mamakin yadda nake yawo da ƙafata. Ta yi min tambayoyi irin na mata, ta rubuta min jajayen ƙwayoyin ƙarin jini. Ta ce bayan gida zai yi baƙi, kada in tsorata, ciki ma zai iya ɗaurewa. Kada in kora da shayi, kada in ƙara a kan yadda ta rubuta, kuma in ɓoye su nesa da yara, don in yaro ya kwasa ya sha zai iya rasa ransa. Ta ce in ci hanta da ganye, in dawo ta sake aunawa. Duk wannan a gaban Inna aka yi, tana zaune a kujera tana jan carbi, ba ta ce uffan ba.

Muka shiga motar Daura. Na sa ta a jikin taga, na zauna kusa da ita da ledar maganina a cinya. Da aka tsaya a Mashi sauke fasinja, masu talla suka yanyame motar, sai na ga tana kwance bakin zaninta. Ta kira mai tsire, ta ce na hanta take so, ya sa yaji kaɗan. Ta karɓa ta ɗora min a kan ledar maganin ba tare da ta dube ni ba.

"Mutum ya yi ta hidimar mutane bai ci abinci ba," ta ce da gilashin taga, "ai wannan wauta ce."

Na buɗe takardar, tururi ya bugi fuskata. Na kai yanka ɗaya baki, na yi ta taunawa. Mota ta tashi. Mun ɗan taɓa tafiya sai ta matso da bakinta kusa da kunnena.

"Kada ki gaya wa Auta zancen jinin nan naki. Kin san ta da sa abu a rai, yanzu sai hankalinta ya tashi."

Na ce to. Na cinye hantar tas, har albasar. Muna isa gida na kwantar da Inna, na cika mata randa, na wuce gidana. Ko mayafi ban cire ba na ɗauki waya na kira Auta, na gaya mata komai, har da mamakin da likita ta yi na yadda nake yawo da ƙafata.